Yadda marubuci zai yi suna a intanet har masu karatu su riƙa nemansa

Da yawa daga cikin masu rubutu da Hausa a intanet mabiya suke da su, ba masu karatu ba. Mabiyi ya danna maɓalli wata rana don kun yi makaranta tare, ko don wani ya ce a bi ka, daga nan ya manta da kai. Mai karatu kuwa idan ya kwana biyu bai ga rubutunka ba, da kansa zai rubuta sunanka ya nemo ka, wani ma har ya aiko saƙo yana tambaya ko lafiya. Wannan jagora ta mai neman irin na biyun ce, ko labari yake rubutawa, ko sharhi, ko bayanin sana'a. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙi, amma 'yan'uwa mata, waɗanda su ne ma suka fi riƙe harkar ƙagaggun labarai a waya, har da ku nake.

Gindin maganar guda ne: ana neman marubuci ne idan an san abin da za a tarar a wurinsa, kuma an yarda cewa abin da ya faɗa haka yake.

Fara da fage, kafin ka zaɓi suna

Wanda ke son a ƙera masa ƙofar ƙarfe ko injin niƙa a garin Kaduna ba ya tsayawa tambaya, kasuwar Panteka zai nufa, domin da abin aka san ta. Haka ake so sunanka ya zauna a kan mai karatu. Matsalar yawancinmu ita ce yau mutum ya yi sharhin ƙwallo, gobe wa'azi, jibi ya tsoma baki a rigimar 'yan fim, gata ya sa hoton abincin da ya ci. Ba ɗaya daga ciki da yake laifi, amma idan aka tambayi mai bibiyarsa me wane yake rubutawa, sai ya yi ta kame-kame. Wanda kuwa ba a iya faɗin aikinsa a jimla ɗaya, da wuya wani ya tallata shi ga aboki.

Ɗauki takarda da biro. Da farko rubuta abubuwan da mutane suka riga suka saba tambayarka a kai ba tare da ka nema ba, a majalisa ko wurin aiki ko gidan biki. Idan kai ake kira duk lokacin da za a cike fom ɗin shiga Jami'ar Jihar Kaduna ko Foli, to ga fage nan. Idan ke ake bugo wa waya a tambayi yadda ake yaye ko haɗa turaren wuta, ga naki. Bayan nan, cikin abin da ka lissafa, ja layi a ƙarƙashin waɗanda za ka iya isa gare su da ƙafarka ko da kuɗin Keke Napep. Wannan sharaɗin ne zai raba ka da tarin masu kwafo labarin da kowa ya riga ya gani a BBC Hausa ko Aminiya. A ƙarshe, ga kowane fagen da ya rage, gwada rubuta kanun rubutu 30. In ka cije a na 8, ko dai fagen ya yi kaɗan, ko ba ka san shi yadda kake zato ba. In ka cika 30 amma ba abin da ya haɗa na farko da na ƙarshe, ya yi faɗi, sai ka rage.

Kaduna kuwa ba ta rasa abin rubutawa ba. Masaƙun Kakuri, tun daga KTL da ta fara aiki a 1957, sun ciyar da dubban gidaje kafin su durƙushe, kuma tsofaffin ma'aikatansu suna nan da labarinsu a baki, mai ɗauka suke jira. Mai son tarihi yana da Gidan Arewa a titin Rabah, wanda aka kafa a 1970 a gidan da Sardauna ya zauna, ga kuma ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, duk a cikin gari. Mai sha'awar noma zai iya riƙe cittar Kachia kaɗai, balle bayan cutar da ta cinye gonaki a daminar 2023, ko ya riƙe masarar Saminaka. Jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja, da ke jigila tun 2016, kullum akwai mai tambayar yadda ake yankar tikitinsa da yadda ake isa tasha. Wani kuma zai iya ɗaukar farashin cefane: duk mako ya shiga Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi, ya faɗi nawa mudun masara, nawa kwalbar manja, da abin da 'yan kasuwa suka ce ya jawo tashi ko sauka. A ido ba wani abin burgewa ba ne, amma matan gida da masu sayar da abinci ba za su bari ya wuce su ba.

Siyasa fa? Ita ta fi saurin tara jama'a, ita kuma ta fi saurin liƙa wa mutum tambarin sojan baka. Da zarar an yi zargin wani ke saya maka data, ko gaskiya ka faɗa sai a ce aiko ka aka yi. In dole sai ita, riƙe ɓangaren da ake iya aunawa: kasafin kuɗi, aikin titin unguwa, halin da asibitin sha-ka-tafi yake ciki.

Kafin ka bar takardar, rubuta wanda kake yi wa rubutun, mutum ɗaya tak: shekarunsa, aikinsa, irin wayarsa. A nan akwai abin da marubutan Kaduna kan manta. Mai karanta Hausa a jihar nan ba Bahaushe kaɗai ba ne, ba kuma Musulmi kaɗai ba. A Sabon Tasha da Narayi da Kafanchan akwai Bajju da Atyap da Adara da Gbagyi da Hausa ce harshensu na kasuwa, wasu har na coci. Bayansu ga mutanen Maraɗi da Damagaram, da 'yan zangon Kumasi, da mazauna Saudiyya masu begen gida. Wanda ya iya bakinsa zai samu dukkansu.

Suna, hoto da 'yar gabatarwa

Suna ɗaya, rubutu iri ɗaya, a ko'ina. Idan a Facebook kai ne Abubakar, a WhatsApp Habu, a TikTok kuma wani laƙabi mai lambobi da taurari, to mutum uku ne a wurin mai nema. Gwajin suna mai sauƙi ne: faɗa wa wani ta waya sau ɗaya, ka ce ya rubuta ya nemo ka. In sai ka jera masa haruffan ɗaya bayan ɗaya, canza shi tun kafin ya bi ka. Ka kuma rubuta shi a wurin bincike na kowane dandali ka ga mutum nawa ke amsa shi. Sunayenmu suna yawan karo, don haka ƙara sunan kaka ko na unguwa ko na sana'a yakan raba gardama. Ka tuna Facebook ba ya barin a sake canza suna sai bayan kwana 60, kuma duk canji yana zubar da wasu daga cikin waɗanda suka fara gane ka.

Sunan alƙalami ba aibi ba ne. Mata da yawa suna rubutu da Maman wane ko Ummu wance saboda kunya, ko yanayin gidan aure, ko gudun masu damu da saƙonni. Illarsa ɗaya: irin waɗannan sunaye sun yi yawa, sai a haɗa da wata kalma da za ta bambanta. Wanda kuma zai riƙa kawo rahoto ko bayanin lafiya ko na shari'a, gara ya fito da sunansa na gaskiya, domin mutane na son sanin wa za su kama idan maganar ta zama ba haka ba.

Hoto ma ɗaya, a bar shi ya daɗe. In ba ka son sa fuskarka, yi ɗan tambari da sunan a rubuce, harafi manya, launi biyu, yadda za a gane shi ko a ƙaramar waya. Sai 'yar gabatarwar da ke ƙarƙashin suna. Yawancin mutane addu'a ko kirari suke cika ta da shi. Wurin nan na amsa tambaya uku ne: me kake rubutawa, daga ina, yaushe. Misali: "Farashin kayan abinci daga kasuwannin Kaduna, duk Asabar da safe." Baƙon da ya karanta wannan ya san ko zai zauna ko zai wuce.

Inda za ka kafa

Zaɓi wuri ɗaya ya zama mazauninka, wani ɗaya kuma ya zama hanyar kai saƙo. Ga mai dogon rubutu da Hausa, Facebook ne har yanzu ya fi dacewa da na farkon, WhatsApp da na biyun. Asusun mutum a Facebook yana tsayawa a abokai 5,000, saboda haka tun farko buɗe damar a bi ka ba sai an yi abota ba, kuma ka tabbata rubutunka a buɗe yake ga kowa. Da yawa suna kukan ba a yaɗa rubutunsu, alhali sun kulle shi ga abokai kawai.

A WhatsApp kana da zaɓi biyu. Guruf yana ɗaukar mutum 1,024, kowa na ganin lambar kowa, kuma in ba ka tsaya a kansa ba, cikin mako zai koma wurin tallan atamfa da saƙon "tura wa mutum goma". Tasha kuwa, wato Channel, wadda WhatsApp ya fito da ita a 2023, kai kaɗai ke magana a cikinta, lambobin mabiya a ɓoye suke. Ga mace musamman, tashar ta fi kwanciyar hankali. Telegram na da amfani ga mai raba manyan fayiloli, don guruf ɗinsa na kaiwa mutum 200,000, sai dai ba kowa ke da shi a waya ba. X ba ya ɗaukar fiye da harafi 280 ga wanda ba ya biya, ya fi dacewa da ja wa rubutu hankali.

A ranar da ka buɗe, ranar za ka kulle ƙofa. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook da imel ɗinka. Lambobi 6 ɗin nan da ke shigowa ta saƙo, kada ka karanta wa kowa, ko ya ce daga kamfani yake, ko ya ce taron ƙungiya za a saka ka. Da wannan dabarar aka fi ƙwace asusun mutane, a koma ana roƙon kuɗi da sunansu. Layin da ka yi rajista da shi ya kasance da NIN ɗinka aka haɗa shi, kuma kada ka bar shi ya mutu a aljihun tebur, domin kamfani na sake sayar da layin da ya daɗe ba a amfani da shi.

Rubuta goma kafin ka gayyaci kowa

Kada ka yi shelar ka fara alhali rubutu ɗaya ne a ƙasa. Baƙon da rubutunka ya burge shi, abin da zai fara yi shi ne ya leƙa ya ga me kuma kake da shi. In ya tarar da wayam, ya tafi ke nan. Rubuta guda 10 daga cikin kanun nan 30, saki 4 ko 5, ka ajiye sauran don makon da ba wuta, ko aka yi rasuwa, ko jiki ya ƙi.

A waya za a karanta ka, sau da yawa a cikin mota ko a layin jira, da datar da ake lallaɓawa, balle tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a farkon 2025. Facebook na yanke dogon rubutu bayan layukan farko, sai wanda ya ga dama ya danna ya ga sauran. Waɗannan layukan su ne komai. Sallama da gaisuwa al'adarmu ce, a yi ta a kalma biyu, amma kada ta cinye wurin da ya kamata mai karatu ya ga dalilin tsayawa. Kwatanta "Barkanmu da warhaka 'yan'uwa, yau zan ɗan yi tsokaci a kan wani muhimmin al'amari" da "Kafin ka biya kuɗin fili a Millennium City, ga takardu ukun da za ka nemi gani." Na biyun ya yi alkawari, saura cikawa. Kanun da ke cewa "Innalillahi, ku ga abin da ya faru" ba tare da komai a ciki ba yana kawo jama'a sau ɗaya ko biyu, daga nan an gane ka.

Sakin layi ya zama gajere, jimla uku ko huɗu, da tazara a tsakani. Tsawon rubutu ba shi ke kora ba, maimaici ne. Idan ka gama, karanta shi da ƙarfi, duk inda numfashinka ya sarƙe ko ka ji ba haka za ka faɗa wa yayanka ba, gyara.

Hausar kanta tana daga cikin shaidarka. Shiga saitin Gboard, wato manhajar allon rubutu ta waya, ƙara allon Hausa, za ka samu ɓ da ɗ da ƙ, ko a fili ko ta danne harafin na ɗan lokaci. Raba abin da ake rabawa, haɗa abin da ake haɗawa: "shi ne", "za ka", "yana". Rubutun hira irin su "xan" da "ngd" a bar shi a hira. Sai fassarar na'ura: Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Suna taimakawa wajen fahimtar abin da aka rubuta da wani harshe, amma wanda ya kwaso abin da suka ba shi ya manna, Bahaushe na jin ƙamshin Turancin tun daga jimlar farko. Karanta, ka gane, ka rufe, ka faɗa da bakinka.

Hoto ɗaya da ka ɗauka da wayarka ya fi biyar na aro. Nemi izini kafin ka ɗauki mutum, kada ka sa fuskar yaran mutane, kuma a gari mai barikoki irin Kaduna, wayarka ta zauna a aljihu kusa da wuraren sojoji.

Abin da ƙafarka ta taka

Nan ne ake yin suna, nan ne kuma ake zubar da shi. Ka sa wa kanka doka cewa kowane rubutu zai ƙunshi aƙalla abu ɗaya da ba a samunsa sai a wurinka: farashin da ka tambaya da bakinka, dattijon da ka zauna da shi, takardar da ka gani da idonka. Faɗi ranar, faɗi wurin. "An ce" ba madogara ba ce. In daga wata kafa ka samo, ambaci sunanta, hakan ba ya rage ka da komai.

Labarin tashin hankali kuwa, a garin da ya ga rikicin 2000 da na 2002, ba abin gaggawa ba ne. Saƙon da aka yi ta turawa cewa ana faɗa a unguwa kaza, kafin ka taɓa shi kira mutum biyu mazauna wurin waɗanda ba su san juna ba. Hoton da ya zo da shi, saka shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens, sau da yawa za ka tarar tsoho ne ko daga wata ƙasa. In ba ka tabbatar ba, yi shiru, ko da kowa ya riga ka. Mai karatu ba ya riƙe wanda ya fara kawo labari, amma yana riƙe wanda ya sa shi ya kwaso yara daga makaranta a banza.

Akwai kuma doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da shi saboda abin da suka wallafa, ɓata suna kuma ana kai mutum kotu a kansa. Zargin wani da sata ko lalata da sunansa, ba tare da takarda a hannu ba, bai cancanci laik ɗin da zai kawo ba. Ranar da kuma aka nuna maka wani bayani naka ba daidai ba ne, gyara shi a inda yake, ka rubuta cewa an gyara. Gogewa a ɓoye ba ta aiki, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Rana da lokaci

Zaɓi abin da za ka iya ɗorewa a kai ko a makon da ya fi kowanne wuya. Sau biyu a mako na shekara guda ya fi kullum na wata ɗaya. Sanar da ranakun, ka riƙe su. Game da sa'a, gwada bayan sallar Asuba da bayan Isha'i na 'yan makonni ka ga wanne ya fi karɓar mutanenka. Da azumi lissafin kan koma bayan tarawihi da lokacin sahur. Ka kuma riƙa duban gaba: rubutun shirin Sallah, na ambaliyar kogin Kaduna a ƙarshen damina, na rajistar JAMB, na baje-kolin ƙasa da ƙasa, duk ana shirya su ne makonni kafin lokacinsu, a sake su daidai sa'ar da mutane suka fara tambaya.

Jawo mutanen farko

Masu karatunka 50 na farko da hannu za ka ɗauko su. Duba lambobin wayarka, ware waɗanda fagen ya shafa da gaske, ka aika wa kowanne saƙo nasa, da gaisuwar da ta dace da shi: "Baba, na rubuta wani abu a kan masaƙa, na san kun yi aiki a can, a duba mini ko na yi daidai." Wanda aka nemi shawararsa yakan zama mai tallata abin. Watsa adireshin rubutu a guruf 40 lokaci ɗaya kuwa, ba sallama ba bayani, adimin zai cire ka, sauran su yi maka kallon mai talla. In za ka kai rubutu wani guruf, nemi izinin mai shi, ka sa jimla biyu da ke nuna dalilin da ya shafi mutanen wurin. Sitatus ma hanya ce, tunda yana yin awa 24: sa jimlar da ta fi jan hankali, da inda za a samu sauran.

A watannin farko amsa kowa. Tambayar da aka yi maka sau uku, mayar da ita rubutu, ka ce daga masu karatu ta zo. Mai gyara, gode masa. Mai zagi, kada ka biye masa, domin baƙon da ya zo daga baya amsarka zai auna ka da ita.

Nemi marubuta uku ko huɗu da fagensu ke maƙwabtaka da naka, ka riƙa karanta su da gaske, kana ƙara abin da ka sani a kan abin da suka faɗa. In an saba, sai ku yi musaya: ka rubuta wa mutanensa, ya rubuta wa naka. Wannan ya fi rubuta "a biyo ni in bi ka" a ƙarƙashin rubutun manya, abin da ba ya kawo kowa sai masu jiran ramuwa.

Kada kuma ka raina abin da ke wajen waya. Kaduna garin rediyo ne tun 1962, ga Rediyon Tarayya, ga KSMC da Freedom da Liberty da Nagarta da Alheri, kuma masu shirye-shirye kullum neman wanda ya san abu suke yi. Idan rubutunka ya taru, aika wa mai shirin da ya dace guda uku mafi kyau. Reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, da taruka irin bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a 2017, wurare ne na haɗa fuska da suna. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, rana ce da ake neman rubutun Hausa fiye da kullum. Mata masu ƙagaggun labarai kuma suna da gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016.

Sayen mabiya asarar kuɗi ce, har da ƙarin illa a kai. Manhaja takan fara nuna rubutu ga kaɗan daga cikin mabiyanka, in sun tsaya a kansa ta ƙara yaɗa shi. Asusun bogi ba ya karatu, saboda haka yana danne rubutun ne ma.

Ɓarayin rubutu da ajiya

Za a kwafi rubutunka a cire sunanka, wannan kam sai dai a rage. Sa sunanka a sama da ƙasa, ka kuma saƙa shi sau ɗaya a tsakiya inda mai gaggawa ba zai lura ba. A dokar haƙƙin mallaka ta 2022, rubutu naka ne tun daga lokacin da ka rubuta shi, ba sai ka yi rajista ba. Fara da saƙo cikin mutunci, da adireshin naka mai ɗauke da kwanan wata. Da yawa za su mayar da sunan. Wanda ya ƙi, Facebook na da fom na kai ƙarar satar fasaha.

Kada ka rubuta kai tsaye a dandali. Rubuta a manhajar rubutu, ka ajiye kwafi a Google Drive da wani wuri na biyu. An rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. A shekarar 2021 ɗin dai aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama ke sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023. Duk wanda ke bin ka a wuri ɗaya, ka tabbata ya san wuri na biyun da zai same ka.

Kuɗi, da duba baya

Kada ka fara da maganar kuɗi. Masu labarai sun saba sakin shafukan kyauta sannan a biya a shiga guruf, tsarin kuma yana aiki ne ga wadda aka san tana kammala abin da ta fara. Wanda ya karɓi kuɗin karatu ya bar labari a rabi, da wuya a sake biyansa. Talla in ta zo, rubuta a fili cewa talla ce, kuma kada ka tallata maganin da ba shi da lambar NAFDAC ko harkar "zuba dubu goma ka kwashi hamsin". Wanda aka damfara ba zai nemi mai kamfanin ba, kai ya sani.

Bayan wata uku, zauna da takardar nan ta farko. Jera duk abin da ka wallafa, a gaban kowanne ka rubuta sau nawa aka tura shi gaba, tambaya nawa ya jawo, da sababbin mutane nawa suka zo ta dalilinsa. Laik kada ya shiga lissafin, don ana danna shi ba a karanta ba. Ware biyar na sama ka duba abin da ya haɗa su, ko batun ne, ko tsawon, ko ranar da aka sake su. Sannan tambayi mutum biyar da ba danginka ba, kowanne shi kaɗai, me suka san ka da shi. In amsarsu ta zo ɗaya da abin da ke cikin 'yar gabatarwarka, rubuta sababbin kanu 30 a kan layin biyar ɗin nan. In ta sha bamban, ko dai ka gyara gabatarwar ta dace da abin da suke zuwa nema, ko ka daina sakin rubutun da ke karkatar da su, ka sake gwajin bayan wasu wata ukun.